Taku Goma Sha Ɗaya

Gaya, ranar kasuwa, gindin tsamiyar gidan waya.

Zuwa ga ɗan Hawa, mai aikin biro, ofishin gwamnati, a Dosso. Sunanka Malam Sha'ibu mai rubuta takardu ya san shi, shi zai sa a bayan takarda. Ni bakina bai saba kiran sunan ɗan fari ba, kuma ba yau zai koya ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Balki da yaran. Mu nan Tungar Rabo sai godiya. Gulbi ya ja baya, albasa ta yi.

Dalilin takardar ga, mutanenku sun zo. Su uku ne, da igiyar ƙarfe da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa da ido ɗaya. Sun hau tudun da ke bakin hanyar mota sun kakkafa duwatsun siminti a jere, kamar haƙoran gada. Sun ce can za mu koma kafin damina, don ruwan bara ya ci gida tara kuma mutane sun yi yawa. Ban musa ba, ruwa ya ci. Ni na ɗauko akuyar maƙwabciyarmu Tani a kafaɗa.

Amma rabon filin ne ban gane ba. Sun zuba ƴan takardu cikin ƙwarya, ana kiran suna daga wani babban littafi, kowa ya sa hannu ya ɗauka. Maƙeri ya faɗa kusa da liman, mai daka taba ya faɗa kusa da mai tari. Ni na ɗauki lamba arba'in da ɗaya. Anka kira kowa, anka rufe littafi, ba a kira Badaru ba.

Badaru fa, wanda danga ɗaya ta raba mu shekara hamsin. Tsakanin ƙofar ɗakinsa da tawa taku goma sha ɗaya ne. Tun da idonsa na biyu ya tafi, da takun nan yake zuwa wurina kowace safiya, ba sanda, ba ja-gora, ya zauna ya sha mini fura ya ce ba ta damu ba. Yana zaune nan ranar rabo, kunne a sake, har anka watse. Sai ya ce mini, da sunan wasan da yake kirana da shi, "Bawana, an gama?" Na ce an ɗage sai wani mako.

Kai ke kusa da masu abin. Ka sa a ba shi fili kusa da nawa. Amma kada ka sa a rubuta shi ko'ina. Ka yi yadda na ce, kada ka tambaye ni dalili.

Zuwera matarsa tana gaishe ka, ta aiko da busasshen kifi hannun mai kamiyo, motar kaya. Allah shi yi albarka.

Ubanka, Labo.

Dosso, 9 ga Maris 1963.

Zuwa ga mahaifina, Baba Labo.

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, takardarka ta iso, kifin Inna Zuwera ma ya iso. Balki da yara suna durƙusawa suna gaishe ku.

Baba, ina roƙon ka dubi wannan aiki da idon rahama. Ba irin na Nasara ba ne, namu ne. Ni da hannuna na zana taswirar sabuwar Tunga. An bar hanyoyi masu faɗi don in gobara ta kama gida ɗaya kada ta lashe gari. An ware wurin rijiya biyu, da wurin lakwal, wato makarantar boko, da wurin kasuwa, an kuma bar fili a gabas don ƴaƴan da za su yi aure nan gaba. Kowane gida zai dasa itace biyu. Ƙuri'a kuwa an yi ta ne don kada a ce an fifita wani.

Game da Baba Badaru, ka nemi abin da ba ya yiwuwa. Doka ta ce mai gida ɗaya, fili ɗaya, kuma sai wanda sunansa ke cikin littafin ƙidaya. An yi haka ne saboda muna bakin iyaka. Tun da aka gina gada mutane ke ƙetarowa daga Dahome da Najeriya, kowa yana son wuri kusa da hanya. Wanda ba ya cikin littafi, baƙo ake ɗaukarsa.

Na zaci mantuwa ce, sai na sauko da tsohon littafin na duba da kaina. Baba, sunan Badaru yana ciki. An ja masa layi da jan tawada. A gefe an rubuta cewa ya nutse a gulbi a shekarar 1932, shekarar da aka haife ni. Ƙarƙashin wannan akwai tambarin babban yatsan mai shaida, an kuma rubuta sunan mai shaidar. Sunanka ne.

Na daɗe ina kallon yatsan nan. Mutumin da ya koya mini iyo, ya sassaƙa mini ɗan jirgi da itacen rimi, littafi ya ce ya mutu kafin in yi wayo, kuma kai ka shaida. Ka ce kada in tambaya, amma ban san yadda zan yi shiru ba.

Ɗanka mai biyayya, Alassan.

Gaya, ranar kasuwa.

Zuwa ga ɗan Hawa. Gaisuwa, da fatan lafiya.

Na ce kada ka tambaya, ka tambaya. Wanga hali ba na uwarka ba ne, Allah shi jiƙanta. Lakwal ce ta sa maka shi.

Littafi ya ce Badaru ya mutu. To, littafi ya zo ya ga yadda mamaci ke cin tuwo. Littafinku ya san shekarar da rijiyar Ajuma ta rufta? Ya san wa ya haifi wa a garin ga, wa ya sha nonon wa, wane ne ba ya cin abincin wane? Duk wanga yana cikin kaina, kuma ba a taɓa zuwa da igiya a kama mutum don yana cikin kaina ba. Cikin littafi kuwa na gani da idona. A rubuta ka da kaka, a zo maka da bazara.

Ka ce yanzu mulki namu ne. Na ji. Na ga tuta, na ga kumandan mai mulkin Gaya baƙar fata kamarmu. Amma littafin fa shi ne dai na jiya, ko bangonsa ba ku sake ba.

Ga shawarata. Ku ba Badaru arba'in da ɗaya, ni in zauna inda nike. In hakan bai yi muku ba, mu shiga fili ɗaya. In shi ma bai yi ba, to ku tashi garinku ku bar mu nan da gulbi, mun san juna da shi. Mutane sun fara kwasar azara da jinka suna hawa tudu. Jiya Badaru ya ji ƙarar sara ya ce, "Wa ke gini haka?" Zuwera ta ce masa rumbu ake gyarawa. Ta fito bayan ɗaki ta yi kukanta ta koma.

Taswirarka na ji an ce ta yi kyau. Sun nuna mini, na riƙe ta a kife sai da anka juya mini. Ban ga mutum ko ɗaya a cikinta ba.

Ubanka, Labo.

(Malam Alassan, ni Sha'ibu na ƙara wannan. Tsoho ya faɗi wasu kalmomi a kan biro ɗinku da ban rubuta ba. Ya rame. Ko goron da na ba shi bai ci ba.)

Dosso, 2 ga Afrilu 1963.

Zuwa ga Baba, bayan gaisuwa da neman gafara in na yi tsaurin ido.

Ba za a iya sa sunan wanda aka ja wa layi a kan fili ba. Fili ɗaya kuma ba ya ɗaukar gida biyu. Ko an bar ku a kai, ranar da ka kwanta dama, Allah ya daɗa nisan kwana, ba abin da zai kare su in an ce su tashi. Tsohon garin kuwa za a mai da shi gonar shinkafa, ba za a bar kowa ya kwana can ba bayan ruwan farko.

Hanya ɗaya ce. Wanda ya shaida mutuwar ya tsaya gaban kumandan a Gaya, gaban mutane, ya ce ba gaskiya ya faɗa ba, a kawo mutumin a gan shi, a sake rubuta shi. Za a rufe jerin sunaye ƙarshen wannan wata.

Na san abin da nake nema a gare ka. Kai ake kira in iyakar gona ta rikice, maganarka ce ke kashe gardama daga Tunga har Bana, don an san Labo ba ya ƙarya. Ba zan tilasta ka ba. Amma Baba, shekara bakwai gare ni aka kai ni lakwal, abin da na sani na gidanmu kaɗan ne. Ka gaya wa kowa tarihin gidan ubansa, ni ba ka gaya mini nawa ba.

Ɗanka, Alassan.

Gaya, ba ranar kasuwa ba. Na tako musamman.

Zuwa ga ɗan Hawa. Gaisuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa Sha'ibu ya kori masu jiran layi, yau zai ji abin da tsofaffin Tunga kaɗai sunka sani.

Shekarar fara anka haife ka. Fara ta cinye gero har kara. Uwarka ta ga sunanka, kwana uku bayan suna ta rasu. Zuwera tana goyon ɗiyarta a lokacin, ta ɗauke ka ta sa ka a ɗaya nonon. Ni kuwa na zama kamar turmi, inda anka aje ni nan za a iske ni.

Ba a yi arba'in ba sai ga gardi biyu, dogaran Nasara, da takarda, ana kwasar mutane aikin dole, fasa dutsen hanyar Dosso. Waɗanda sunka tafi bara, cikin biyar uku sunka dawo. Anka tara mu gindin giginya, gardi ya kira, "Labo ɗan Rabo!" Na ɗaga ƙafa zan fito, sai na ji an amsa daga bayana, "Na'am." Badaru ne. Gardi ba su san fuska ba, suna sunka sani. Ya wuce ta gabana, ya taka mini ƙafa da ƙarfi don in yi shiru, ya ce a hankali, "Yaron ga ya rasa uwa, ba ya rasa uba cikin wata guda. Zauna, bawana." Duk gari na kallo, ba wanda ya yi tari.

Badaru na can sai ga mai ƙidaya. Ya kira Labo, gardi ya ce yana wurin aiki. Ni ina tsaye a matsayin wani ƙanena. Ya kira Badaru, shiru. In an ce ba ya nan, za a ce ya gudu Najeriya, a kama Zuwera da maigari. Zuwera kuwa tana zaune da ku biyu a cinya. Sai bakina ya ce gulbi ya ci shi. Anka ce wa zai shaida, na ce wana Labo ya gani kafin ya tafi, na dangwala masa yatsa. Yatsan da ka gani ke nan.

Wata bakwai ya dawo, da ido ɗaya. Tsakuwa ta fasa gudan. Munka ce a bar shi a mace, don mamaci ba a kiransa aiki sau biyu. Bai taɓa yi mini gorin ido ba. Abu ɗaya yake yi mini gori har yau. Ya ce, "Duk mutuwar da ke duniya, ni Basarke ɗan Basarke, masunci gadon gulbi, wanda kada ke gaidawa, ka rasa wadda za ka zaɓa mini sai nutsewa?"

To ka ji. Kunyar a ce Labo ya yi ƙarya ba ita ta hana ni barci ba. Hannuna ya fitar da shi daga littafi don kada su taɓa shi. Yanzu ka ce hannuna ya mai da shi. In wani abu ya biyo baya fa?

Daren jiya ban gaya wa Badaru ba, da safe na gaya masa duka, har ƙaryar rumbu. Ya yi dariya ya ce, "Ni makaho ne, ba kurma ba. Tun ranar ƙwarya na sani. Ina jira in ga kwana nawa za ka yi kana ɗage mako." Na ce to me ka gani? Ya ce, "Wa ke riƙe da alƙalamin yanzu?" Na ce ɗan da Zuwera ta shayar. Ya ce, "To, a rubuta."

Ka gaya mini ranar.

Ubanka, Labo.

Dioundiou, 17 ga Afrilu 1963.

Baba,

Takardarka ta biyo ni nan, inda aka turo mu awo. Na karanta ta a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Abokan aikina sun zaci rasuwa aka yi mini.

Laraba mai zuwa ce, da hantsi. Na rubuta wa kumandan duk yadda abin ya faru, ya ce ba wanda za a hukunta a kan abin da aka yi don tsira daga aikin dole. Ba zan kasance a wurin ba, don ɗa ba ya zama a kan maganar ubansa. In akwai wasu da aka ɓoye kamar haka, ka zo da su, kai kaɗai ka san su.

Na sake karanta dokar rabon har sau uku. Ba ta hana mutum biyu su yi musayar lamba ba in sun yarda. Wa ya ɗauki arba'in da biyu?

Ka ce ba ka ga mutum a taswirata ba. Gaskiya ne. In na gama nan zan zo da igiyar awo, amma ba da ita za mu fara ba. Baba Badaru zai yi taku, ni in bi shi ina kafa turke.

Ka gaishe da Inna Zuwera. Ka ce mata ɗanta ne.

Alassan.

Gaya, Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗan Hawa. Gaisuwa mai yawa. Daga biro na yo nan kai tsaye, tun labarin na da zafi.

Mu goma sha huɗu munka zo, ni da matattun littafi da ɓoyayyunsa goma sha uku. Na bi gida gida na fito da su. Akwai wanda uwarsa ta ɓoye cikin rumbu ranar ƙidaya, yau yana da jikoki. Akwai Kadi, wadda anka ce ta yi aure Illo alhali ko Kamba ba ta taɓa zuwa ba. Wasu sun ƙi, sai da na ce ni zan fara.

Kumandan yaro ne, bai fi ka ba. Na tsaya gabansa. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni Labo ɗan Rabo, na yi wa littafin ga ƙarya shekara talatin da ɗaya." Kumandan ya buɗe littafin. Ya ce, "Ina mamacin?" Badaru ya miƙe da sabuwar rigarsa ta Salla ya ce, "Ga ni. Gulbi ya ɗanɗana ni ya ji ɗaci ya tofar." Har gardin ƙofa sai da ya dafa bango.

Kumandan bai yi dariya ba. Ya dubi idon Badaru ya ce, "Baba, wane wurin fasa dutse?" Badaru ya faɗa masa. Kumandan ya ce ubansa ma can anka kai shi, shi bai dawo ba. Ya taso daga kujera ya kama hannun Badaru ya kai shi kan tawada da kansa.

Sauran kuwa, ba takardar da za ta shaide su sai ni. Kowane na faɗi ubansa da kakansa, da shekarar da anka haife shi, ko ta fara, ko ta babban ruwa, ko ta gobarar kasuwa, mai rubutu yana mai da su lambobi. Da anka gama kumandan ya ce in zo wata rana in faɗi na duk gari a rubuta. Na ce sai na yi shawara. Sha'ibu ya ce in yarda. Sha'ibu aiki yake nema.

Abdu mai jirgi ne ya ɗauki arba'in da biyu. Ya ce da ma ba ya son maƙwabtaka da ni, ina da yawan gyara wa mutane zance. Ya karɓi sabon filin da anka ba Badaru, kusa da rijiya. Da mutane sunka ga haka sai musaya ta ɓarke, maƙeri ya koma gefen gari, mai tari ya rabu da mai taba. Layukanka na nan a miƙe, amma mutanen ciki sun koma kusa da nasu.

A hanyar dawowa Badaru ya ce tunda yau anka haife shi, nan da kwana bakwai yana jiran ragon suna, kuma ni zan yanka.

Ka zo da wuri, gabas ta fara haɗa gajimare.

Ubanka, Labo.

Gaya, ranar kasuwa, bayan ruwan farko.

Zuwa ga ɗan Hawa. Gaisuwa, da fatan ka isa lafiya.

Mun kwana uku a tudu. Jinka ba ta yoyo. Itacen da ka dasa sun kama, na Zuwera ya fi nawa.

Safiyar farko na zauna bakin ƙofa da fura, ban kira shi ba, ban yi motsi ba. Na ji ya fito, ba sanda. Na ƙirga tare da shi a zuci. A na goma sha ɗaya ya miƙa hannu, ya ƙara ɗan matsawa, ya dafa kaina.

Ya ce fura ba ta damu ba. Ya kuma ce a gaya maka ka kuskure da rabin taku, duk karatunka. Ya ce ka zo ka gyara.

Ka zo da yaran.

Ubanka, Labo.